Abin da Na Kashe a Wayar Mai Ɗaki

Litinin, 7 ga Yuli

Yau na yi aikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Mai Ɗaki ta miƙo mini wayarta da safe, ta ce kullum sai ta rubuto mata wai ta cika, babu wuri. Na ce kawo. Na shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur kamar yadda nake yi a shago a da, na sa tabarau, na gyara zama.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina buɗe bayan rediyo da talabijin. Waya ba ta da bayan da ake kwancewa da sukuddireba, amma ciwon ɗaya ne: datti da tarkace. Na shiga saiti, na shiga jerin manhajoji, na danna ɗigo ukun nan na sama, ta nuna mini har waɗanda suke ɓoye. Ashe unguwa guda ce a ciki. Na goge hotunan gaisuwar safiya fiye da ɗari huɗu, duk furanni da kofunan shayi. Na cire wasanni biyu da ba ta taɓa yi ba. Sai na tarar da wani wai shi Webbiyu, ya ci wuri kamar ɗan haya mai iyali. Ba shi da hoto a fuskar waya, ba ya kira, ba ya amsawa. Na danna shi, ko motsi. Ba ya goguwa, amma akwai wurin kashewa. Wayar ta yi mini gargaɗi, wai wasu manhajoji za su iya daina aiki daidai. Haka suke faɗa a kan komai. Rediyo ma an rubuta a bayansa kada a buɗe. Da na bi wannan, da me zan ciyar da yara biyar? Na kashe shi.

Wuri ya samu. Ta ce, “Sannu da aiki, Injiniya.” Idan ta ce Injiniya, rabi yabo ne rabi tsokana. Yau na ɗauki rabin farko.

Na ce mata manhajar asibitin ido ban taɓa ta ba, ta kwantar da hankalinta. Wata biyar ke nan tana jiran ranar da za a cire mata yanar ido. Likita ya ce ta nan saƙo zai zo, kuma a amsa cikin mako guda, in ba haka ba su bai wa na baya.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa tun safe. Gwiwata ta riga gajimare sani.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ta yi minti goma tana neman kafar allura kafin ta kira ni. Rigunan jariri take ɗinkawa, na cikin 'yarmu Auta, wadda za ta sauka farkon Satumba in Allah ya yarda. Ta ce ita dai burinta a wanke mata idon nan kafin yaron ya zo, ta gan shi tas, ba kamar ta bayan labule ba. Na ce ko ta bayan labule ne za ki gane hancin gidanmu. Ta ce abin da take tsoro ke nan.

Asabar, 12 ga Yuli

Saƙon ya zo. Ni na lura da ɗan jan ɗigo a kan manhajar asibiti lokacin da ta ba ni wayar in nemo mata lambar mai kawo gas. A sama an rubuta akwai sabon bayani game da aikin idonta, a danna a gani. Na miƙa mata, na ce ke za ki buɗe da hannunki, naki ne.

Ta danna. Ta kawo wayar kusa da fuska, ta nisanta ta, ta karkata wajen taga. Ta murza ido ta sake dubawa. Can ta ce, a hankali, “Malam, fari kawai nake gani.”

Na karɓa. Fari ne fat, shafi babu ko ɗigo, kamar bangon da aka gama shafawa. Na ce mata ni ma farin nake gani. Ta ce in rantse. Na rantse. Sai ta sauke numfashi, ta zauna a bakin gado, ta ce ta ɗauka idon ne ya ƙarasa.

Na rufe na sake buɗewa sau biyar. A na shida manhajar ta rufe kanta da kanta. Na ce sadarwa ce ba ƙarfi, ruwan nan. Muna da mako guda, sai Asabar mai zuwa. Na ce ta bar mini.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ta kira Auta da wayata. Auta ce ta saya mata wayar bara. Ina zaune ina jin rabin maganar.

“Ni dai na faɗa miki tun farko, tsohuwar wayata ta fi mini.”

“A'a, ban ce ta hannu kika saya mini ba. Na ce dai ban sani ba.”

“To ki yi haƙuri, tunda yanzu ba a faɗa miki magana.”

Daga nan aka ajiye. Auta mai ciki wata bakwai, tana gari mai nisa, tana fita aiki da kumburarrun ƙafafu. Mai Ɗaki ba ta saba yi mata irin wannan ba. Tsoro ne ya fito ta bakin da ya samu.

Na kira lambar asibitin sau huɗu. Waƙa kawai, da wata murya mai cewa kiranmu yana da muhimmanci.

Litinin, 14 ga Yuli

Na kashe wayar na kunna. Na cire layi na goge shi da gefen riga na mayar. Na fita tsakar gida inda sadarwa ta fi ƙarfi na ɗaga ta sama kamar mai neman tasha. Kira yana shiga, saƙon murya yana tafiya, hotunan furanni sun fara dawowa. Shafin asibiti fari. Na buɗe manhajar da take sauraron labarai, na danna wani labari, shi ma fari. Ta kantin magani ma haka.

Uku ke nan. Idan tashoshi uku suka ɗauke lokaci guda, ba tashoshin ba ne, cikin akwatin ne. Wannan ko almajirin shago na wata biyu ya sani.

Ɗabi'ata ce tun ina shago, duk abin da na cire daga rediyon mutum sai na sa a gwangwani na rubuta. Sai na buɗe littafin nan na koma Litinin ɗin da ta wuce. Ga shi da hannuna, har da kwalliyar magana: ɗan haya mai iyali.

Na rufe littafin. Na daɗe ina kallon bango.

Ba tabbas ba ne dai. Zai iya zama wani abu dabam.

Talata, 15 ga Yuli

Na jira ta shiga wanka na ɗauki wayar. Mutum mai shekara saba'in da uku yana satar wayar matarsa don ya gyara ɓarnarsa.

Neman sa ya ba ni wahala. Ba ya cikin jerin da na sani. Sai da na sake danna ɗigo ukun, na ce a nuna na ɓoye, na gangara har ƙasa, na same shi ya yi dishi-dishi, an rubuta a ƙarƙashinsa an kashe. Kamar ana nuna ni da yatsa. Na danna kunnawa. Ya kunnu. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara shirya yadda zan ce mata na gano matsalar, ba tare da na faɗi wanda ya kawo ta ba.

Na buɗe manhajar asibiti. Ta yi ɗan juyi, ta yi juyi, ta nuna rabin wani layi shuɗi a sama, sai fari. Na sake. Ta rufe kanta.

To ga shi na mayar da abin da na cire, kuma bai tashi ba. A rediyo ba a yin haka. Ka mayar da wayar wuta inda ka cire ta, magana ta dawo.

Da ta fito ta ce ko mu kama hanya mu je asibitin kawai. Mota biyu ce zuwa can, da tsayuwar layi, ga ruwa. Na ce me ya yi zafi, muna da har Asabar, na kusa. Ta ce to a kai wa Dogo mana. Na ce Dogo da na koya wa riƙe ƙarfen narka dalma?

Ta ce, “Shi ɗin dai. Ai ya daɗe da iya riƙewa.”

Dogo yarona ne na shago a da, shekara tara a hannuna. Yanzu ya haura hamsin, furfura ta kama shi, yana da shagon gyaran waya a bakin kasuwa da gilashi da fitilu. Duk inda ya gan ni sai ya rusuna. Abin da ya sa ba na son zuwa ke nan.

Laraba, 16 ga Yuli

Auta ta turo mini saƙon murya. “Baba, don Allah ka duba mata. In wayar ce ba ta da kyau zan nemo wata in aiko, ka ce mata ta yi haƙuri. Wallahi sabuwa na saya a kwalinta.” Muryarta a toshe, irin ta wanda ya yi kuka ya wanke fuska.

Na rubuta mata: kada ki damu, ina kai. Gaskiya ce ai, ta wani fanni.

Na tuna wani labari da kakata take ba mu, na mutumin da ya fi kowa son tsafta a garinsu. Ya share ɗaki, ya share tsakar gida, ya ga wani dutse a gindin rumbu ba ya aikin komai, ya ciro shi ya jefar. Muna dariya tun kafin ta kai inda rumbun ya kwanta. Ba ta taɓa faɗa mana abin da ya gaya wa matarsa ba. Da na sani da na tambaya.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na sa wayar a aljihu na ce zan je kasuwa. Na je kuwa. Na wuce ta gaban shagon Dogo, na hango shi ya sunkuya a kan tebur da gilashin ƙara girma a ido. Mutum huɗu suna jira a benci. Na ce bari su ragu. Na zaga ta layin masu takalma na dawo, sun zama shida, har da maƙwabcinmu mai gidan kusurwa, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Na wuce kamar ina sauri. Na sayi batir guda biyu da ba na buƙata, na dawo gida wajen azahar.

Ta ce, “Ya ce me?” Na ce cunkoso ya yi yawa, gobe da sassafe.

Akwai sauran kwana biyu.

Juma'a, 18 ga Yuli

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda zan so ba.

Na isa yana buɗe shago. Ya rusuna, ya goge mini kujera da hannun rigarsa, ya aika a kawo shayi. Na ce wayar gida ce take wani ɗan shirme. Ya buɗe manhajar, ya ga fari. Ya shiga saiti da sauri irin na wanda ya san hanyar gidansu, ya tsaya daidai kan abin. Ya duba lambar da ke ƙarƙashinsa. Ya ce, “Maigida, wannan an taɓa kashe shi.”

Na ce to.

Ya ce ba ya kashe kansa. Ya ce galibi jikoki ne, su ɗauki waya su yi ta danne-danne. Yana faɗa yana kallon wayar, ba ya kallona. Ya san babu jika a gidanmu yanzu. Ƙofa ya buɗe mini in fita da mutuncina.

Na kalli ƙofar sosai. Sannan na ce, “Ni ne.”

Ya ce, “To, ai abu ne mai sauƙi.” Ko murmushi bai yi ba, Allah ya yi masa albarka. Da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Ya yi mini bayani da yarenmu na shago. Ya ce in ɗauka rediyo ne mai tashoshi goma da lasifika ɗaya. Manhajoji da yawa ba su da tagar kansu ta nuna shafin intanet, wannan suke ara, ta asibiti da ta labarai da ta kantin magani duk shi suke leƙawa ta ciki. Shi ya sa ba shi da hoto a fuskar waya: ba don mutum aka yi shi ba, don su aka yi shi. Na ce ai na kunna shi tun Talata. Ya ce e, amma lokacin da na kashe shi wayar ta zubar da duk sabuntawar da ya samu, wurin da na ga ya samu ke nan, ya koma yadda ya fito daga kamfani. Manhajar asibiti kuwa ta yi gaba, ba ta jin maganar tsohon. Sai an sabunta.

Ya haɗa wayar da intanet ɗin shagonsa, ya shiga shagon manhajoji, ya nemo shi da suna, ya danna sabuntawa. Muka sha shayi muna kallon layi yana cika. Ya shiga manhajar asibiti ta saiti ya share tarkacen da ta tara, ya ce ban da bayanan shiga, kada a taɓa wannan, in ba haka ba sai an nemo lambar sirri. Ya kashe wayar ya kunna. Duka bai kai shan kofi ɗaya ba.

Ya miƙo mini ya ce in buɗe da kaina. Shafi ya fito, shuɗi da fari, da sunanta a sama. An ba ta ranar Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe. A ƙasa: a tabbatar kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Alhamis, 17 ga Yuli. Maɓallin tabbatarwa ya yi toka. Na danna shi duk da haka. Na sake dannawa.

Saƙon tun ranar goma ga wata ya shigo. Kwana biyu yana zaune ba ta ga jan ɗigon ba, ina za ta gan shi. Ni kuma na ƙirga mako daga ranar da na gani.

Jiya da sha biyun rana ina layin masu takalma.

Dogo ya karanta ta kafaɗata. Ya ce ko ya rufe shago ya raka ni asibitin. Na ce a'a. Da zan fita na hangi wani kwali manne a bangonsa, sama da tebur, ya yi baƙi don tsufa. Rubutun hannuna ne, na shagonmu na da, dokar farko da nake sa kowane yaro ya haddace: in ba ka san aikin abu ba, kada ka cire shi, tambaya. Ban san ya ɗauko shi ba lokacin da na rufe shago. Ya ga na gani. Ya juya yana gyara wasu wayoyin caji da ba su buƙatar gyara.

A gida na ce mata ya gyaru, amma lokaci ya wuce, sai mun je Litinin. Ta ce, “Wayar nan dai.” Na bar laifin a kan wayar.

Asabar, 19 ga Yuli

Ta ninke rigunan jaririn ta sa a akwati, biyu ba a gama ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Mota biyu, layi na awa biyu da rabi. Ma'aikaciyar da ke teburin ba ta da laifi, kuma ba ta yi mana wulaƙanci ba. Ta duba kwamfuta ta ce an riga an bai wa wani ranar, ta mayar da mu jeri. Ta ce sabon saƙo zai zo, mai yiwuwa ƙarshen Satumba. Mai Ɗaki ta ƙirga da yatsu a kan cinyarta, na ga inda ta tsaya. Ta ce wa ma'aikaciyar, “'Yata ce ta saya mini wata waya marar kirki.” Matar ta ce ayya, haka suke yi.

A motar dawowa mun samu kujerar baya. Gilashi ya yi raɓa, tana goge shi da gefen mayafi, ko da yake goge shi ba ya ƙara mata komai. Na ce mata ba wayar ba ce. Na faɗa mata duka, daga tawul har layin masu takalma. Ban rage ba, har batir.

Ta ci gaba da goge gilashin. Mun wuce tasha biyu.

Ta ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na ce tun Litinin waccan.

“Kana zaune na ce wa yarinyar nan ta saya mini ta hannu.”

Na ce ranar ban sani ba tukuna. Ta ce washegari fa? Na ce washegari na sani.

Ta ce kashewar ba ta dame ta ba, kowa yana kuskure, ita ma ta taɓa yanka hannun riga biyu na hagu. Ta ce, “Kwana huɗun nan ne, Malam. Ka zaɓi kada Dogo ya gan ka a kan ni in ga jikana.”

Ba ta ɗaga murya ba. Na so in ce ba haka ba ne. Na duba, haka ne.

Da muka sauka ta kama hannuna don tsallaka titi, saboda dole, ba ta ganin motoci sosai. Tana hawa gefen hanya ta saki.

Talata, 22 ga Yuli

Na kira Auta. Na shirya jawabi mai tsawo, ya tsere. Na ce ni na lalata, wayarki lafiya lau, ki yafe mini na bar ki da laifi. Ta ce, “Baba, ai da ka tambaye ni. Minti biyu ne.” Na ce na sani. Ta ce a ba ta Mama. Suka yi awa guda, na ji dariya sau ɗaya, ban tambayi a kan wa ba.

Ba a ce mini Injiniya ba yau. Ba rabin farko, ba rabin biyu.

Talata, 29 ga Yuli

Ƙarfe takwas na safe ina zaune ina kallon agogo. Wani yana kan gadon asibitin nan yanzu. Allah ya ba shi lafiya, ba shi ya yi ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na ciro rigunan biyu daga akwati na ajiye a kan keken ɗinki. Na zura zare a allura goma sha biyu, fari shida, rawaya shida, na soke su a jere a jikin matashi yadda hannu zai same su ba sai ido ba. Aikin ya ɗauke ni tsawon safiya. Da yamma na tarar uku babu zare.

Na sake zurawa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Kullum da safe ina duba jan ɗigo, ta gefen ido, ba na taɓawa. Ita take riƙewa ta buɗe, ni in karanta mata. Haka ta tsara, ban yi gardama ba.

Maƙwabci mai gidan kusurwa ya kawo mini tasa wayar, wai ya ji ni gwani ne wajen samar da wuri. Na goge masa hotuna kawai. Ya nuna wani abu a jerin ya ce wannan fa, me yake yi? Na ce ka bar shi. Ya ce me yake yi? Na ce aikinsa.

Asabar, 6 ga Satumba

Auta ta sauka jiya, mace. Sun turo hoto. Mai Ɗaki ta kawo wayar har tana taɓa hancinta, ta buɗe hoton da yatsu biyu har ya zama gajimare. Ta ce, “Faɗa mini.” Na faɗa mata: goshi, kunnuwa ƙanana a manne, gashi cunkus, hannu a dunƙule kamar za ta yi dambe. Ta ce hancin fa? Na ce na gidanmu ne, sai haƙuri. Ta yi dariya, sannan ta share ido, ta kifa wayar a cinya.

Na fita tsakar gida na duba famfon da ba ya yoyo.

Laraba, 17 ga Satumba

Jan ɗigo. Ta danna da hannunta, shafi ya fito sarai. Talata, 30 ga wata. Na karanta mata sau biyu har da ƙananan rubutun ƙasa, na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallin, ita ta danna. Ya zama kore. Na rubuta ranar a nan, da bangon kicin, da bayan hannuna.

Tana shirin ajiyewa sai wani akwati ya faɗo a fuskar wayar, rubutu mai yawa, yana tambayar a yarda ko kada a yarda da wani abu. Ta miƙo mini ta ce, “Wannan kuma mene ne?”

Na sa tabarau na karanta har ƙasa. Na gane kamar rabi. A da rabi ya ishe ni.

Na ce ban sani ba, bari mu kira Auta, in tana barci mu bi ta wajen Dogo da la'asar.

Ta juyo tana kallon inda fuskata take. Ta ce in sake faɗa, ba ta ji ba. Kunnenta kuwa lafiya lau, ido ne matsalarta. Na sake faɗa. Ta ce shekara arba'in da shida tana jiran ta ji wannan, da ta san zai zo yau da ta yi kwalliya.

Ba wani abu ba ne. Rubutun ne ƙanana, kuma tabarau ɗin nan ya tsufa.

Ta ce in zura mata allura biyu kafin mu fita, Injiniya. Ban tantance wane rabin ba ne. Na zura uku.